Kilishi Ba Ya Tafiya Arewa

A gidanmu na Briqueterie, wadda mu 'yan unguwa muke gajarce mata suna mu ce Birik, ba agogo ake dubawa da safe ba, sama ake dubawa. Mu masu kilishi ne tun daga kakanmu, wanda ya taso daga ƙasar Katsina ya yi ta gangarowa har ya yada zango a Yaoundé ta ƙasar Kamaru. Mai kilishi kuwa a garin da ake damina biyu a shekara dole ya san halin gajimare fiye da halin matarsa. Kafin hantsi Yayana ya dawo daga mayankar Etoudi da cinyoyin shanu a bayan taksi. Baba ya zauna a kan guntun turminsa yana yanka naman falle-falle, siriri har kana hango inuwar yatsunka ta bayansa, a shimfiɗa a kan asabari a tsakar gida. Nawa aikin shi ne labu, wato damammen ƙuli-ƙuli da kayan yaji da ake tsoma naman a ciki in ya bushe. Tun da Inna ta rasu labu ya dawo hannuna, gidan mijina kuma ba nisa, don haka kullum ina nan, ni da bakina.

Rumfarmu tana bakin titi, tsakanin wani tela da mai sayar da atamfa. Da can idan aka ce kilishi a layinmu, mu ake nufi. Sai aka shiga wasu shekaru da baƙi suka yi ta zuwa daga Najeriya, kowa da wuƙarsa da gwanintarsa, kuma gaskiya sun iya. Ba na jin haushinsu, abinci suka zo nema kamar yadda kakanmu ya zo. Amma masu saye ba su ƙaru ba, masu sayarwa ne suka ƙaru. Rumfar da ta ciyar da Baba da Inna da mu, yanzu aka ɗora mata Yaya da matarsa da yaransa masu zuwa lakwal, wato makaranta, ga Baba da magungunansa. Tukunya ba ta daina hawa murhu ba, sai dai miya ta fara tsinkewa.

A lokacin ne wani abokin Yaya da ya daɗe a Libreville ta ƙasar Gabon ya fara damunsa da waya. Yana da shagon nama a can, yana neman wanda ya san wuƙa kuma ba zai cuce shi ba. Ni Yaya ya fara gaya wa, muna tsaye muna kwashe asabari saboda hadari ya taso daga wajen Messa. Ya faɗa ne kamar maganar wasa, amma na san shi, in yana wasa ba ya sunkuyar da kai. Mun ga waɗanda suka tafi can daga unguwarmu. Shekarar farko ana jin muryarsu kowace Juma'a, daga baya sai a Sallah, daga baya sai ka ji matsalar takardu ta hana su zuwa ko da jana'iza. Hannun Baba kuma ya fara rawa, wasu fallayen har yagewa suke yi, yana ɓoye su a ƙarƙashin masu kyau yana zaton ba mu gani. Ban yi tunanin rumfa ba a ranar. Tunanin gidan nan na yi, babu Yaya a cikinsa.

Na ce masa ya gaya wa Baba, in ba haka ba ni zan gaya masa, kuma ya san yadda nake ƙara wa labari gishiri. Sai muka zauna wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Yaya ya ce ba son tafiyar yake yi ba, amma rumfa ɗaya ba za ta riƙe mu ba, sai dai a faɗaɗa ta. Baba ya ce to, a faɗaɗa, da me? Ashe Yaya ya daɗe yana saƙa da warwara. Ya fara zubo su: a yi dambun nama, a sayi firij a sa lemo, a raba rumfar biyu a sa kayan waya a gefe, a kai kilishi manyan kantunan Bastos inda Turawa ke sayayya, a buɗe wani tebur a wata unguwa. Yana magana yana lanƙwasa yatsu har suka ƙare ya koma na farko.

Baba ya bar shi ya gama, sannan ya ce, "Taura biyu ba ta taunuwa, kai ga shi ka cika baki da kwando guda. Ko ka kai tsohon kaya sabuwar kasuwa, ko ka kawo sabon kaya tsohuwar kasuwa. In ka sauya kaya da kasuwa rana ɗaya, ranar da ka faɗi ba za ka san wanne ya kayar da kai ba."

Haka aka raba aikin. Ni zan gwada sabon abu a rumfarmu, inda aka san mu. Na zaɓi yaji, don na daɗe ina lura da matan da ke sayen kilishi kaɗan su roƙi a ƙara musu garin da yawa. Yaya kuma zai ɗauki kilishinmu yadda yake, ba ƙari ba ragi, ya kai shi inda ba a san mu ba. Baba ya yanke wa'adi da bakinsa: in watan azumi ya kama ba mu ga haske ba, ya sa wa Yaya albarka ya tafi. Ya faɗi haka yana kallon ƙasa, ni kuma na tashi na shiga madafa kamar ina da abin yi a can.

Da aka zo maganar ina za a kai teburin, ba a yi gardama ba ko kaɗan, abin da ba a saba gani ba a gidanmu. Kusan baki ɗaya muka ce gar, wato tashar jirgin ƙasa. Kilishi ai tsaraba ce, tsaraba kuwa ta matafiyi ce, matafiyi kuma a gar yake. A wajenmu in aka ce wane ya yi tafiya, ba a tambayar ina. Ya hau jirgi ya nufi Ngaoundéré, daga can ya wuce Garoua ko Maroua ko ya tsallaka Yola. Biki can, rasuwa can, ziyarar dangi can. A Yaoundé aka haife ni, a nan aka haifi Baba ma, amma a lokacin ko Mbalmayo da ke nan kusa kudu da mu ban taɓa takawa ba, kuma ban taɓa jin na rasa wani abu ba. Har mijina, wanda in na ce rana ta fito sai ya leƙa waje ya tabbatar, ya ce wannan shawara ta yi.

Aka yi wa Yaya akwatin gilashi, aka shafa wa tebur shuɗin fenti, matarsa ta wanke masa farar riga ta goge. Kullum bayan azahar ya ɗora kaya a moto, wato babur, ya tafi, don jirgin arewa da yamma yake tashi. Wasu ranakun ma ya yi sammako don ya tari jirgin da ke isowa da safe.

Makon farko ya ce ba a san shi ba tukuna. Mako na biyu ya ce mutane suna tsayawa, suna ɗanɗanawa, suna yabawa, sai dai ba sa saye. A gidanmu ƙa'ida ce tun zamanin kakanmu, ba a sayar wa mutum kilishi sai an ɓalla masa ya ɗanɗana, ko ya saya ko bai saya ba. To 'yan gar sun ɗanɗana har sun gode. Wani dattijo Bafulatani ya tauna ya lumshe ido, ya ce useko, godiyarsu ta Fulatanci, ya ce wallahi wannan ya kusa kamo na gida. Yaya ya dawo yana ba mu labari da fara'a, mu ma muka ji daɗi, har Baba ya gyara zama. Ba wanda ya tsaya ya saurari abin da tsohon nan ya faɗa.

Daga nan Yaya ya fara neman mai laifi. Ya rage farashi, shiru. Ya ce takardar da muke naɗewa ce ba ta da kyan gani, aka sauya, shiru. Sai ya juyo kaina, wai labuna ya yi sanyi, mutanen arewa sun fi son barkono. Na ce masa labun da Inna ta koya mini ne, in yana da ƙara ya kai mata. Duk da haka na ƙara barkonon, don ina tsoron ranar da zai ce na hana shi gwadawa. Aka yi kilishin da ko Baba sai da ya share hawaye, aka kai gar, ya dawo kamar yadda ya tafi.

Yajina kuwa ya fara rarrafe. Na wanke kwalaben mayonez na cika, na jera a gefen rumfa. Da farko maƙwabta ne ke saye don kunya. Daga baya matan da ke gasa kifi a Messa da bayan kasuwar Mokolo suka gano shi, suka riƙa zuwa suna ɗauka da yawa. Ba wani abin a zo a gani ba ne, amma shi ya riƙe cefane a watannin da teburin gar ke cin nama ba ya mayar da komai. Na yi wa Yaya gori, ba zan ce ban yi ba, gori a jininmu yake. Sai dai yaji ba zai riƙe magidanci da iyalinsa ba, ni ma na sani. Rajab ya shiga, wayar Libreville ta ƙara yawa, Yaya ya fara fita waje in zai amsa.

Wata rana na ce zan bi shi gar in gani da idona. Na gaya wa matarsa a ɓoye cewa ina zargin barci yake yi a bayan akwatin. Muka isa, muka kafa tebur a bakin hanyar shiga. A gefenmu akwai wata mata mai manyanta, 'yar ƙabilar Bulu daga wajen Ebolowa, zaune a kan benci da ƙaton baho cike da bobolo, wato rogon nan da ake jiƙawa a niƙa a naɗe a ganye a dafa. Yaya ya gaishe ta, ya ɓalla mata kilishi ya miƙa, ta karɓa, alamar sun saba. Ya gaya mini in ruwa ya sauko ita ke yafa wa akwatinsa ledarta, in zai je salla ita ke tsare masa tebur. Mama yake ce mata, ita kuma ta ce masa Magida, yadda mutanen kudu ke kiran duk wani Bahaushe.

Na zauna ina kallo. Fasinjoji suna ta shigowa, masu zanna da masu rawani da mata masu lulluɓi, ana ta Fulatanci da Hausa kamar a layinmu. Su wuce ta gabanmu, su yi sallama, wani ya ɗanɗana, sannan su tsaya a gaban Mama su sayi bobolo ɗauri-ɗauri su cusa a jaka. Kafin la'asar ta yi sanyi bahonta ya kusa ganin gindi. Namu akwatin ko falle ɗaya bai ragu ba sai na ɗanɗano. Haushi ya kama ni, na fara yi wa Yaya faɗa cewa ba ya kiran mutane, ya tsaya kamar an dasa shi.

Mama ta dube ni, ta tambayi Yaya da Faransanci ko matarsa ce. Ya ce ƙanwarsa ce. Ta ce to madalla, ta ga alamar na fi shi kunne, tun da na fi shi baki. Ta jawo hannuna na zauna a bencinta, ta nuna mini wani mutum da ke ɗaure jakarsa.

"Kin ga wancan? Me ya sa ya sayi bobolona?"

Na ce don yana so.

"Don inda za shi babu. Gobe in ya isa, yaransa za su yi murna. Naku kuma fa? Gobe da safe zai tarar da shi a ƙofar gidansa, mai zafi. Wa zai ɗauki nama ya kwana da shi a jirgi ya kai wa masu shanu?"

Na juya na dubi akwatinmu. Ta ce masu saukowa da safe kuma ai ɗan'uwana ya gan su, kowa da ƙullinsa na kilishin arewa, mai ya ɓata takarda. Ta ce ta daɗe tana son ta faɗa masa, amma ta ga mutum ne mai kunya, ta ji tsoron kada ya ce tana korarsa daga wurin. Sannan ta dafa kafaɗata ta ce, "Ashiya," kalmar da ake faɗa wa wanda ya yi tuntuɓe ko aka yi masa rasuwa.

Dariya ce ta fara zuwa mini, irin wadda ke fitowa tare da zafin fuska. Mu uku, har da mijina na huɗu, manya da hankalinmu, 'ya'yan masu kilishi jikokin masu kilishi, mun kwashe watanni muna kai wa Bafulatana nono tsaraba. Yaya bai yi dariya ba. Ya tsaya yana kallon akwatin gilashinsa kamar yau ya fara ganinsa.

Mama ba ta tsaya a nan ba, kuma wannan ne ba zan manta mata ba. Gaya wa mutum ya ɓata hanya abu ne mai sauƙi, kowa ya iya. Ita ta ce mutanenta, in za su ƙauye biki ko makoki, suna son su riƙa wa tsofaffi naman Hausawa, amma wa ke da lokacin ratsa gari ya zo Birik alhali mota na jiransa? Ta ce matafiyan da muke nema suna Mvan, can ƙarshen gari ta kudu, inda ajans-ajans, wato tashoshin motocin Ebolowa da Sangmélima da Kribi da Douala suke. Ƙanwarta tana sayar da abinci a can, tana da baranda, za ta yi mata magana.

Da muka ba Baba labari ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da na kawo masa ruwa. Da ya samu numfashi ya ce kakanmu ƙafafunsa ne kawai suka zo kudu, fuskarsa tana kallon arewa har ya mutu, ga shi mun gaji wuyan. Ya ce shi ma da aka ce gar, Ngaoundéré kawai ya gani a ransa.

Na ɗauka Yaya zai yi tsalle, sai ya yi sanyi. Ya ce Mvan da nisa, bai san kowa ba, bai san inda zai yi salla ba, kuma wa ya tabbatar masa ba wata gar ɗin ba ce? Sha'aban ya kusa, abokinsa ya ce ya riga ya yi magana da direban da zai tsallaka da shi. Na gane gajiya ce ke magana, mutumin da ya sha kunya sau ɗaya ba ya son a sake ganinsa da tebur a ka. Na buɗe baki zan fara, Baba ya ɗaga mini hannu. Ya ce wa Yaya wa'adi bai cika ba, kuma shi bai taɓa jin an fasa noma don gonar farko ta ƙi ba.

Mama ce ta kai shi da kanta. Ta bar bahonta a gida ranar, ta yi asarar cinikin yini guda saboda mutumin da ba danginta ba, ba addininta ba, wanda abin da ya taɓa haɗa su bai wuce ɓallin kilishi da ledar ruwa ba. Ƙanwarta ta matsar da tukwanenta ta ba shi kusurwar baranda, ta nuna masa wani lungu a bayan gareji inda direbobi Musulmi ke shimfiɗa kwali su yi salla. Sharaɗi ɗaya ta ba shi, wai ya daina ba mutane ɗanɗano, don masu lodin motocin wurin in suka gane kyauta ake yi sai sun cinye shi har akwatin. Yaya ya kawo wa Baba maganar. Baba ya ce kaya ɗaya ne, kasuwa ce sabuwa, ɗanɗano kuwa cikin kayan yake, kada ya cire.

Matar ba ta yi ƙarya ba, masu lodi sun ci. Sun ci da safe, sun dawo da rana wai sun manta ɗanɗanon. Amma su ne masu kiran fasinja, kuma bakin da ya ci ba ya shiru. Kafin mako ya zagayo, mai lodi zai karɓi jakar mace yana ce mata, Mama, za ki ƙauye hannu biyu? Ga Magida can da naman Birik. Ran Juma'a, da masu zuwa makoki suka cika tashar da ankonsu, Yaya ya bugo mini waya tun kafin la'asar ya ce in duba ko akwai saura a rumfa in aiko masa a moto. Na ce masa in ya sake cewa labuna ya yi sanyi sai na zuba masa a ido. Na ajiye wayar na zauna a kan turmi.

Ba komai ne ya tafi daidai ba. Wata mata da ta kai Kribi ta dawo ta ce kilishin ya yi laushi kafin ta raba shi, iskar bakin teku ta shige shi. Muka koyi barinsa ya huce sarai bayan gashi, a naɗe a takarda, sannan a sa a leda a ɗaure. Yaya da ya ga ido ya buɗe sai tsohon ciwonsa ya motsa, ya ce a kai yajina can, a yi dambu, a nemi tebur na biyu. Baba ya ce ya bari teburin farko ya tsaya da ƙafafunsa. Ni ma na so a kai yajin, amma na haɗiye.

Sai azumi ya kama. Duk wanda ya taso a Birik ya san yadda kasuwar kilishi take a watan nan. Da rana layi ya mutu, da yamma kowa kunu da ƙosai yake nema. Tun ina yarinya, in aka ga wata, rabin asabarinmu ake naɗewa a jingine a zaure sai bayan Sallah, kuma shi ya sa Baba ya sa wa'adinsa a nan, don ya san a nan ake gane mai ƙarfi. Ranar farko Yaya ya ɗauki kaya kaɗan ya tafi, ya dawo da akwati wayam tun rana na sama. Mun manta, ko kuma ba mu taɓa tunani ba, cewa yawancin matafiyan Mvan ba azumi suke yi ba. Nasu lokutan daban ne, hutun 'yan makaranta, Ista, Kirsimeti, makokin ƙarshen mako. Lokacin da kasuwarmu ke barci tasu idonta biyu. Shekarar nan ba a naɗe asabari ko ɗaya ba, har na maƙwabta muka aro. Yaya ya yini a tsaye da bakin azumi yana ɓalla wa mutane nama, ƙanwar Mama tana yi masa tsiya wai ba ta taɓa ganin mai sayar da abin da yake jin tsoron lasa ba.

A cikin goman tsakiya wayar Libreville ta shigo muna tsakar gida, ni ina dama labu, Baba yana zaune, Yaya yana juya fallaye. Wannan karon bai fita waje ba. Suka gaisa, ya saurara, ya yi godiya mai yawa, sannan ya ce, "Ka yi haƙuri, ka nemi wani. Ina da nama a rana." Ya mayar da wayar aljihu ya ci gaba da juyawa. Baba kuwa na ga ya cire hularsa ya shafa kai ya mayar. Ni na yi kuka, a fili, hawaye har cikin labu, Yaya ya ce to yau kam gishiri ya ji.

Bayan Sallah Baba ya ce a kai shi gar. Ya sa babbar rigarsa ta zuwa Idi, ya sa na zaɓo atamfa mai kyau a wurin maƙwabcinmu, aka naɗe kilishi mafi kyau. Faransancin Baba na ciniki ne, ba ya wuce farashi da gaisuwa, ita kuma Mama ba ta jin Hausa. Ya tsaya a gabanta ya yi ta godiya da Hausa yana sa mata albarka, ita da 'ya'yanta da jikokinta, tana amsawa da amin a inda ya dace kamar tana ji. Ta kwance bobolo ɗaya ta miƙa masa. Mutumin da aka haifa a garin nan, ya tsufa yana wuce bobolo a hanya bai taɓa kai shi baki ba, ranar ya haɗa da kilishinsa ya ci, ya ce ashe an daɗe ana cutarsa. Tun daga shekarar, duk Babbar Sallah kason Mama ake fara cirewa.

Sauran ya zo a hankali. Yajina ya bi kilishi zuwa Mvan bayan teburin ya kafu, yanzu har Douala ake aikawa a ɗauka. Tsakar gidanmu ta yi kaɗan, Yaya ya kama hayar wani fili a Ekoudou don shanya, ya haɗa hannu da ɗaya daga cikin baƙin nan na Najeriya, wanda wuƙarsa ta fi ta kowa a layin. Dambu kuwa mun gwada bai karɓu ba, muka bar shi ba tare da an ji ciwo ba. Ba mu yi arziki irin na labari ba. Muna ci, muna sha, yara suna lakwal, alhamdu lillahi.

Baba ya ajiye wuƙa ba da daɗewa ba, daga baya ƙafafunsa ma suka ajiye shi. Bai yarda ya kwanta a ɗaki ba, wai shi ba kayan ajiya ba ne. Saboda haka kowace safiya, in Yaya ya dawo daga Etoudi, kafin ya taɓa nama sai ya wanke hannu ya shiga ɗakin Baba. Ya yi masa wanka, ya sa masa riga, ya durƙusa ya goya shi kamar yadda ake goya yaro, ya fito da shi tsakar gida ya zaunar a kujera inda hantsi ke sauka. Baba yakan ce a shanya shi dai, amma kada a tsoma shi a labu.

Wata safiya ina tsaye da muciya a hannu suka fito, Baba ya sarƙe hannuwansa a wuyan Yaya, ƙafafunsa sirara suna lilo. Da suka zo daidai inda nake, ya sa Yaya ya tsaya. Ya kwantar da kumatunsa a kafaɗar ɗansa ya ce, "Da ka tafi, wa zai ɗauke ni? Ƙanwarka baki gare ta, ba ta da baya."

Na so in mayar masa, amma wannan karon na bar masa. Yaya ya gyara goyonsa, ya ce, "Riƙe ni da kyau, Baba," suka wuce zuwa kujerar.